Dalilin Da Ya Sa Akuya Ke Tuƙa

Dalilin da ya sa kuke ganin akuya kwance a inuwa tana taune-taune, alhali ba wanda ya ba ta ko dusa, shi zan gaya muku yanzu. Wanda ya san zai katse ni da tambaya ya tashi tun da wuri, ƙofa a buɗe take. Na yi yawon duniya, na ci tuwon garuruwa da yawa kafin in tsinto labarin nan, ba zan ɓata shi a kan mai ƙaiƙayin baki ba.

A da can, akuya ba ta tuƙa. In ta ci ta haɗiye, magana ta ƙare, kamar ni da ku. Kuma baki gare ta, tana zance tiryan-tiryan.

A wani ƙauye akwai wata mata ana ce mata Hansai, mai zafin nama da zafin rai. Tana da ƙawa, wata jar akuya mai farin goshi, sunanta Kyalla. Da damina ta faɗi, sai suka haɗa hannu a wata 'yar gona bayan gari. Hansai ke riƙe fartanya, Kyalla ke kawo taki, ita ke cinye ciyawa tsakanin kunya da kunya. Abin da gona ta bayar a raba biyu, ba cuta.

To, gona ta yi abin arziki. Da damina ta zo ƙarshe, kaya suka nuna gaba ɗaya kamar sun haɗa baki. Ga kuɓewa, ga tumatir, ga tattasai, ga yakuwa. A tsinke yau, gobe a tarar kamar ba a taɓa ba. Suka ci, suka kai wa maƙwabta, har maƙwabtan suka fara ɓuya in sun hango Hansai da kwando.

Kyalla ta ce, "Yaya Hansai, mu bar sauran a gona mana. Wa ya kore mu?"

Hansai ta ce, "Ji sakarci! Kuɓewa ta ƙosa ta zama icce, tumatir ya ruɓe, sannan rani ya zo mu ci tuwo da me? Da surutunki? Yankawa za mu yi mu shanya."

Kyalla ta dubi kofatonta, ta dubi wuƙa. Ta ce, "Da wane hannun?"

Sai suka shirya: Hansai ta yi yankan duka, nata da na ƙawarta, ita kuma Kyalla ta yi gadin shanya. Hansai ta zauna ta yanka kuɓewa siri-siri, ta tsaga tumatir, ta ɓare tattasai, ta tsinke yakuwa, har yatsunta suka yi kanta. Ta shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida, ta baza rabonta a ɗaya, rabon Kyalla a ɗaya. Miyar ranin gidan kakaf tana kan tabarmin nan.

Shanya ta fara kama jikinta ke nan, sai ga sunan jaririn ƙanwar Hansai a ƙauyen gaba. Duk matan unguwa za su. Hansai ta yafa gyale, ta ɗaga kai ta ga sama tas, ta ce ai damina ta tattara kayanta. Amma duk da haka ta ja kunnen Kyalla.

"Amana na bar miki. Kada kaza ta taɓa, kada ƙasa ta shiga. Kuma in ɗigon ruwa ɗaya ya sauka a kan kuɓewar nan, fumfuna za ta yi, ni da ke ne."

"Haba Yaya, je ki abinki. Ki taho min da ƙanzon shinkafa."

Kyalla ta yi gadi tsakani da Allah. Ta kori kaji, ta tunkuyi wani zakara har ya manta hanyar gidansu. Can bayan azahar sai iska ta juya. Ta ɗaga kai, ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ku yara ba ku san halin ruwan ƙarshen damina ba. Ba ya sallama, kuma masu shanya yake nema.

Kyalla ta yi ihu, unguwa ba kowa. Ta ciji gefen tabarma ta ja, kuɓewa ta fara gangarowa ƙasa. Ta gwada tura kaya cikin kwando da goshi, kwando ya kife. Iska ta fara kawo ƙamshin ruwa. Ta tsaya tana tunanin inda yake da rufi, mai kusa, wanda ba ya bukatar hannu.

Sai ta tuna da cikinta.

Ta faɗa wa tabarmar Hansai, don ita ce amana. Ba tauna, ba numfashi, haɗiya kawai: kuɓewa, tumatir, yakuwa, har tattasan da ya sa ta hawaye. Tana lashe yankan ƙarshe ruwa ya ɓarke. Tata tabarmar kuwa, tana kallo daga ƙarƙashin rumbu ruwa ya mai da ita kunu.

Hansai ta dawo a guje, jiƙe sharkaf, takalmi a hannu. Ta ga tabarma ɗaya ta zama taɓo, ɗaya kuma wayam.

"Kyalla! Ina shanyata?"

Kyalla ta fito da ƙyar, ciki ya yi gefe da gefe kamar an rataya mata tulu biyu. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, Yaya. Tawa ce ta lalace. Taki ko ɗigo bai taɓa ta ba."

"Tana ina?"

Kyalla ta nuna cikinta da haɓa.

Ni da na san zafin rai, na san abin da Hansai ta ji. Ta yi salati, ta ɗauki muciya, ta ajiye, ta sake ɗauka. Daga ƙarshe ta jawo faifai ta dangwara a gaban akuya.

"Ajiya kika ce, ko? To, mai kaya ta zo. Fito min da su!"

Kyalla ta durƙusa, ta miƙe wuya, ta yunƙura. Wallahi sai ga loma ta taso har baki. To amma kuɓewa da tumatir da tattasai sun jima wuri ɗaya cikin ɗumi, sun haɗu sun zama wata irin miyar da Kyalla ba ta taɓa ɗanɗana ba. Ta lumshe ido. Ta ɗan tauna. Sai ƙwat, loma ta koma.

"Me na gani haka?"

"Yauƙi ne, Yaya. Kin san kuɓewa da santsi. Suɓucewa ta yi."

"Sake!"

Ta sake. Loma ta taso, ta tauna, ta koma. Ta kuma sakewa. Har rana ta faɗi faifai ba ko ƙwallon kuɓewa. Ko yauƙin ne da gaske, ko daɗin ne, ni ban shiga cikin akuya na gani ba, kada wanda ya tambaye ni.

Hansai ta kafa turke, ta ɗaure ta. Ta ce, "Ga ni ga ki. Bakin nan naki ba zai huta ba, kuma kada ki sake ce min uffan, sai ranar da kuɓewata ta sauka a faifan nan."

Ranin nan kaf da miyar kuka Hansai ta ci tuwo, tana ci tana hararar turke. Da wata damina ta zagayo, a kan rufin ɗaki ta yi shanyarta, ta kuma janye tsani.

Shi ya sa har yau, in akuya ta sami inuwa ta kwanta, sai ta taso da ajiyar Hansai ta tauna, ta koma, ta sake tasowa, ba ta ce wa kowa komai. Kuma shi ya sa in ta hango shanya a ƙasa take nufo ta a guje, don a ganinta taimako ta zo yi. Ga ta can ma ta doshi tabarmar uwarku, kun zuba mata ido kamar gumaka. Ku tashi ku kore ta kafin ta adana mana miyar bana!