Mudassir Ya Share Gonar Gado

Ranar Talata ce, sanyi ya sauka, ruwan randa ba ya taɓuwa.

A garin Ƙofa akwai wani Mudassir, ya shekara ashirin yana aikin ofis a Kano. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya dawo ya karɓi gona. Gonar yashi ce, ta gaji. Abu ɗaya ke riƙe da ita: duk hunturu wani Bafulatani, Baffa, yana kawo shanunsa su yi kamar kwana goma a ciki, su ci kara, su bar taki. Shekarar da ba su zo ba, masara ba ta wuce gwiwa.

Mudassir bai tambayi kowa ba. A wannan Talatar ya je gona da farin takalmi, shanu kuwa sun yi kwana bakwai. Takun farko ya nutse cikin kashin saniya mai ɗumi.

Ya ce, "Kai! Gonar ubana ce wannan ko makewayi?"

Baffa ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan Malam. Haka muke yi da mahaifinka."

"Mahaifina ya rasu. Kwashe su!"

Baffa ya kaɗa shanunsa. Ya ce dama jibi za su wuce garin Doguwa.

Mudassir ya ɗauko tsintsiya da shebur da baro. Yini guda yana kwashe kashin shanun, yana gumi cikin sanyi. Duk baron da ya cika, sai ya juye shi a gonar maƙwabcinsa Sha'aibu, don yana zargin shi ya nuna wa shanu hanya.

Sha'aibu yana zaune gindin mangwaro. Ya ce, "Mudassir, abin nan da kake zubarwa, shi ne abincin gonarka."

"In abinci ne, ka ci."

"To, Allah ya saka da alheri. Ɗan matsa da shi gabas, nan ya samu."

Mudassir ya ɗauka gatse ne. Don ya ƙona masa rai, ya kai baro biyar gabas, har ya baza.

Da la'asar gona ta yi tas kamar tsakar gida ranar Salla. Ya koma gida yana taƙama, ya tarar da gwaggonsa Asabe riƙe da jan zakara.

Ta ce, "Sha'aibu ya aiko maka tukuici. Wai shekara goma yana roƙon Baffa kwana biyu kacal bai samu ba, yau an kai masa na kwana bakwai har gona. Me ka ba shi?"

Ya gaya mata.

Ta ce, "Ɗan nan, in damina ta zo me masara za ta ci? Tsabta? Bana sai dai ka shuka tsintsiya."

Ya ce zai je ya kwaso abinsa. Ta ce, "Ka karɓi zakara, ka koma ƙwace? Ba da sunan gidan nan ba."

Washegari bayan sallar asuba ya saɓi zakaran, ya sayi goro, ya nufi ruga. Ya durƙusa gaban Baffa ya ba shi haƙuri. Baffa ya ce kwana ɗaya ya rage musu. Mudassir ya ce ya gode. Da kansa ya shige gaban shanun har gona, yana waiwaye yana yi musu sannu da zuwa.

Darasi: Abin da ka tarar magabata suna yi, tambayi dalili kafin ka rushe. In an ba ka shawara, saurara, ko daga wanda kake zargi ne. Ku tura wa masu shirin gona tun taki bai ƙare ba.