Ɗan Kunnen Jar Saniya

Akwai wani ɗan Alhaji a garin Dakoro, sunansa Mudassir, wanda tun ranar da aka damƙa masa wata 'yar na'ura ya daina sauraron mutane.

Ga yadda abin ya faro. Satar shanu ta ishi jama'ar yankin, sai ƙungiyar masu dabbobi ta zo da dabara. Kowace saniya aka maƙala mata wani ɗan maɓalli a kunne, mutane suna ce masa ɗan kunne. In aka kara masa na'ura sai ta yi ɗan kuka, sunan mai saniyar ya fito a gilashinta. Aka raba na'urorin ga masu tsaron kasuwanni da samarin da ke sintiri a rijiyoyi.

Mudassir ne aka sa shugaban 'yan sintirin, domin mahaifinsa, Alhaji Mijinyawa, yana cikin masu manyan garke. Abin ya hau masa kai. Ya rataya na'urar a wuya kamar laya, ko masallaci zai shiga ba ya cire ta. Magana ɗaya ce a bakinsa, har ta bi kasuwanni kowa ya haddace: "Na'ura ba ta ƙarya."

To, akwai abin da Mudassir bai sani ba.

A arewacin gari akwai wani dattijon Bafulatani mai suna Hamma, wanda fari da ciwo suka ƙarar masa da shanu tas. Alhaji Mijinyawa ya san shi tun suna samari. Da ya ji halin da yake ciki, ya ware wata jar saniya mai farin goshi ya ba shi habbanaye. Wannan tsohuwar al'adar makiyaya ce: ka ba wanda ya rasa aron saniya, ya sha nononta, ya riƙe 'ya'yan da ta haifa, daga baya ya mayar maka da uwar.

Alhaji bai gaya wa kowa ba, bai kuma je biro, wato ofishin ƙungiya, an rubuta ba. Shi a ganinsa ba a kai talaucin mutum ofis a sa shi a takarda. Saniyar ta tafi gidan Hamma da ɗan kunnenta, kuma ɗan kunnen yana ɗauke da sunan Alhaji.

Ta haifi maraƙa mace. Nononta ne abincin gidan, shi jikokin Hamma ke sha, shi matarsa Aisata ke kaiwa gari ta samo hatsi.

Wata safiya Hamma ya kai ta rijiya. Wurin cike yake da makiyaya da mata masu ɗiban ruwa, sai ga Mudassir da yaransa a kan babura. Ya shiga cikin shanu yana kara na'ura a kunnuwa, yana taƙama. Da ya zo kan jar saniya, na'urar ta yi kuka, sunan ubansa ya fito.

Ya ɗago kai a hankali. "Wa ad da wagga saniya?"

"Tana hannuna, ɗan Alhaji," in ji Hamma.

"Hannunka? Ina kas same ta?"

Hamma ya dubi jama'a. Ga surukinsa can riƙe da igiya, ga matan unguwa sun ajiye tulu suna kallo. Mutumin da ya taɓa mallakar garke, ta yaya zai buɗe baki gaban waɗannan ya ce da saniyar aro yake ci da iyalinsa?

Ya rage murya. "Mu koma gehe in hwaɗa maka."

Wannan maganar ce ta jawo masa. Mudassir ya daka tsawa: "Kun jiya? Gehe shika so mu tahi! Ɓarawo na!"

Wani tsoho ya matso yana ɗaga hannu. "Yaro, tsaya. Ɓarawo zai sace saniya ya bar mata ɗan kunne, ya kawo ta rijiya da rana tsaka?"

"Na'ura ba ta ƙarya, tsoho. Kauce!"

Mari ya fara kai wa Hamma, rawaninsa ya faɗi cikin taɓo. Yaran suka rufe shi da gora. Sai a lokacin Hamma ya yi ihu, "Habbanaye ce! Ubanka yab ba ni ita!" Amma wa ke ji? Mutanen da aka taɓa yi wa sata suka huce haushinsu a kansa, wani da sanda, wani da igiyar guga. Hamma ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, Mudassir ya sauke masa gora da iya ƙarfinsa. Duk wanda ke kusa ya ji ƙarar karyewar ƙashin.

Suka bar shi kwance, jini na bin gemunsa, suka ja saniyar suka tafi. Tana tafiya tana waiwaye, tana kukan 'yarta da aka baro a gida.

Wallahi abin da ciwo. Dattijo mai furfura, a yi masa haka gaban surukinsa.

'Yan'uwan Hamma suka ɗauke shi suka kai shi wajen Tagriss, inda wansa yake, akwai maɗori a can. Aisata kuwa ba ta bi su ba. Ta naɗe rigarsa mai jini ta kama hanyar Dakoro a ƙasa, ta shiga zauren Alhaji Mijinyawa ta shimfiɗa rigar a gabansa.

"Alhaji, ga abin da saniyarka ta jawo muna. Da ka bar mu da yunwarmu."

Ta faɗa masa komai. Tsohon ya daɗe yana kallon rigar, hawaye na zubo masa. Sannan ya ɗauki salula ya kira ɗansa.

"Ni nab ba shi ita. Ka maida mai saniya tai yau ɗin nan, ka durƙusa ka roƙe shi gahwara."

"Baba, in ka ba shi, don mi ba a rubuta ba?"

"Ni kaka tambaya? Na ce ka maida ta!"

Mudassir ya kashe wayar. Ya san yanzu gaskiya Hamma ya faɗa. Amma ya koma rijiya gaban yaransa ya durƙusa wa mutumin da ya kira ɓarawo? Girman kai ya hana shi. Ya ce wa yaran tsufa ya fara taɓa Alhaji, ya ɓoye saniyar a gidan abokinsa. Ya ƙudura zai sayar da ita a wata kasuwa mai nisa inda ba a san shi ba, in ta ɓace magana ta mutu.

Shi kuwa Alhaji, da ya ga shiru, ya dogara sandarsa ya tafi biron ƙungiya da ƙafarsa. Ya ce wa ma'aikacin, "Jar saniyar nan, cire sunana. Sa na Hamma. Ba aro ba ce kuma, na ba shi har abada." Aka canza, sabon sunan ya shiga duk na'urorin yankin. Mudassir bai sani ba, domin ya daina ɗaukar kiran ubansa.

Ranar kasuwa ya loda saniyar a mota ya nufi wata kasuwar ƙauye a wajen Tagriss. Bai taɓa tambayar daga ina Hamma ya fito ba, balle ya san ƙasar danginsa ya shigo. A can kuwa labarin dukan ya riga ya zaga kowace rugga, zukata na tafasa.

A bakin turken shanu mai tsaro ya tsayar da shi, ya kara na'ura a kunnen saniyar. Ta yi kuka. Mutumin ya duba gilashi, ya dubi Mudassir.

"Kai ne Hamma?"

"Wane Hamma? Saniyar babana ce. Na'urarku ta lalace."

Ya ciro tasa daga wuya yana murmushin raini, ya kara. Ta yi kuka. Ya duba, ya sake dubawa. Sunan Hamma ne.

Jama'a sun fara taruwa. Wata mata ta nuna farin goshin ta ƙwala ihu, "Ita ce! Saniyar Hamma ce! Wannan ne ya karya shi!"

Abin da ya iya fitowa daga bakin Mudassir shi ne, "Don Allah mu koma gehe in yi muku bayani."

Wani saurayi ya yi dariya mara daɗi. "Ba kai ne mai cewa na'ura ba ta ƙarya ba?"

Sandar farko a ƙeya ta same shi. Ya faɗi, suka hau shi. Aka fizge na'urar da igiyarta har ta yanke masa wuya, aka fasa masa baki, haƙora suka zube cikin ƙasa. Yana kiran sunan ubansa, yana rantsuwa, ba mai saurare, kamar yadda shi ma bai saurara ba. Aka ɗaure ƙafafunsa aka ja shi cikin kashin shanu. Wani ya ɗauko taɓarya daga rumfar masu fura, jama'a suka buɗe masa hanya.

A daidai nan wani dattijo ya kutso, hannunsa ɗaure da karan ɗori, fuskarsa duk tabo. Hamma ne. Gidan wansa yana bayan kasuwa, ihun ne ya fito da shi.

"Ku bari! Ku bari, don Allah!"

Mai taɓarya ya riga ya ɗaga. Hamma bai tsaya wata magana ba, ya faɗa kan Mudassir ya rufe kansa da jikinsa. Taɓaryar ta sauka a kan hannun nan mai ɗori.

Ƙarar da Hamma ya yi ta sa kasuwar ta yi tsit. Sanduna suka fara faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Yana kwance kan wanda ya karya shi, yana nishi, ya ce, "Wanda zai kashe shi, shi fara da ni."

Ba wanda ya sake matsowa har jandarmomi suka iso, aka kwashe su biyun zuwa asibitin Dakoro a mota ɗaya.

Jar saniya ta koma gida, 'yarta ta ruga ta kama nono. Alhaji Mijinyawa ya tara mutane a bakin rijiyar nan ya faɗa da bakinsa cewa Hamma bai taɓa sata ba, laifin nasa ne da bai sa an rubuta ba. Sunan Hamma ya wanku.

Hannun ne bai dawo ba. Likita ya ce ƙashin ya ragargaje inda ya fara haɗewa, ba zai ƙara tatsa da shi ba, ba zai ƙara jan guga ba.

A asibitin, gadon Hamma da na Mudassir na kusa da juna. Da Mudassir ya samu bakin magana, ya juyo yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Baffa, ni na karya ka. Na kira ka ɓarawo gaban surukinka. Don mi ka tare mini?"

Hamma ya juyo ya dube shi. Sannan ya ce, "Ranar da ba ni da komi, ubanka ya aiko mini da saniya, bai bari kowa ya ji ba. Ni kuma in aika mai da gawar ɗansa?"

Mudassir bai ƙara rataya na'ura ba. In ka bi ta rijiyar nan da safe za ka ga wani mai giɓi yana jan guga yana zuba wa jar saniya da 'yarta ruwa. A gefe wani dattijo na zaune, hannunsa na dama a shanye kan cinyarsa.

Darasi: Na'ura tana faɗin abin da aka zuba mata ne kawai, ba ta san alherin da aka yi a ɓoye ba. Kafin ka ɗaga hannu a kan mutum, saurare shi, domin hukuncin da ka yanke wa wani da gaggawa shi za a yanke maka. Kuma in ka ba da aro ko kyautar dabba, ka sa a gyara rajista, kada alherinka ya zama wa wani bala'i. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin hannu, ko Allah zai sa a tsira da ran wani.