Gindin Bindigar Da Torbjörn Ya Yanka

Akwai wani maƙwabcina a nan ƙauyenmu na dajin Jämtland, sunansa Torbjörn. Mutum ne mai cika baki, har ya kusa kamo ni.

Da ciwon gwiwa ya hana mahaifinsa, tsoho Elof, shiga daji, sai ya bar masa bindigarsa. Karyarsa Tassa kuwa aro kawai tsohon yake ba shi lokacin farautar elg, barewar nan tamu mai girman doki. Tun rasuwar matarsa, da wannan karya Elof yake hira, ita ke kwana a gefen gadonsa.

Torbjörn ya sayo sabon madubin hange ya ɗora wa bindigar. Madubin ya yi tsayi, in ya kai ido sai kuncinsa ya rabu da katako. Sai ya ɗauko zarto ya yanke saman gindin bindigar, ya kafa sandunan ƙarfe biyu, ya mayar da guntun katakon a kansu. Madogarar kunci ta samu, tana hawa tana sauka, ka ɗaure ta da ɗan mabuɗi inda ka so. Aikin ya yi kyau. Ni da kaina na ce masa in ban da ni, babu mai iya haka a ƙauyen.

A ƙungiyarmu ta mafarauta, kowa sai ya ci gwajin harbi kafin a fita: a ja hoton elg a guje, ka yi ta harbi a jere. Shugabarmu Gunvor ta ga bindigar a wurin shan kofi.

Ta ce, "Ka taɓa bindiga, sai ka sake gwaji."

Ya ce, "Haba Gunvor! Na ci gwaji tun watan jiya. Katako na yanka, ba ƙarfe ba."

"Kai ɗan Elof, bakinka ya fi bindigarka ƙara."

"Shi ya sa harsashi ɗaya ke isa ta. Ku masu rawar hannu ku je ku yi ta gwaji."

Aka yi dariya. Saboda darajar mahaifinsa, ta ƙyale shi.

Ranar farauta da safe Torbjörn ya isa wurin da aka ba shi ya tsare, ya ɗura harsashi. Yana jira sai ya ɗaga madogarar kuncin har ƙarshe, ya ɗaure tamau, ya jefa mabuɗin can cikin jaka. A gida kullum tana ƙasa yake gwada jan sakatar bindiga, wato ƙarfen da ake ja baya a fitar da kwanso a ɗura sabon harsashi. Bai taɓa gwadawa tana sama ba.

Can sai haushin Tassa. Ta tsare wani ƙaton namijin elg, tana zagaye shi kamar yadda aka koya mata. Torbjörn ya laɓaɓa ya harba, harsashin ya samu ciki maimakon ƙirji. Ya fizgi sakata don ya ƙara, sai ta bugi katakon da ya ɗaga, ta cije a rabin hanya.

Ya ja, ya sake ja. Ya zazzage jaka yana neman mabuɗi a cikin ganyaye.

"Tassa, zo nan! Tassa!"

Ba ta zo ba. Ba a koya mata barin dabba mai rauni ba. Elg ɗin ya juyo ya sauke mata ƙafafun gaba. Kafin Gunvor ta iso ta ƙarasa shi, haushin ya tsaya.

Babu wanda ya yi masa faɗa. Gunvor ta ce kawai, "Kai za ka kai ta gida."

Elof na zaune a ƙofa lokacin da ɗansa ya shigo da karyar a nannaɗe cikin rigarsa. Tsohon ya dubi gawar.

Ya ce, "Ta gudu?"

"A'a, Baba. Ta tsare shi har ƙarshe. Ni ne ban iya ƙara harbi ba."

Elof ya miƙa hannu biyu. "Ba ni ita. Kai je ka ɗauko shebur."

Darasi: Duk abin da ka gyara, gwada shi kafin ranar buƙata, kuma kada girman kai ya toshe maka kunne in an ce ka sake dubawa. Sau da yawa wanda bai ji bai gani ba ne ke ɗaukar nauyin gangancinka. Ku tura wa abokanku, musamman masu cewa sun iya komai. Ni kam kada ku turo mini, ni na rubuta.