Dila Likitan Kajin Iya Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Wata bazara aka yi zafin da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka dutse. Yunwa ta koro Dila daga daji, ya leƙa gidan wata tsohuwa mai kiwon kaji, Iya Tabawa. Ya tarar da kajin kwance a akurki, baki buɗe, fikafikai a ƙasa, sai haki suke. Iya na gefe tana share hawaye, don ɗaya ta riga ta mutu.

Dila ya ce a ransa, "Waɗannan ai gashi ne da ƙashi. Bari su yi ƙiba tukuna."

Sai ya yi sallama. "Sannu, Iya. Likitan kaji ne ya zo."

Iya ta jawo taɓarya. "Kai da kaji, Dila?"

"Na tuba, Iya. Zafi ke kashe su. Ki bar ni da su."

Iya ta rasa dabara, ta ce to.

Dila ya kafa doguwar rumfa, ya rufe da zana. Ya huda akurki iska ta shiga. Ya ajiye kasko a inuwa, ya cika da ruwan randa, in ya ɗumame ya sake wani. Ya jiƙa buhu ya rataya. Tsaba kuwa sai da sanyin safiya da yamma.

Kullum yana hanyar rijiya. In ya dawo sai ya lalubi ƙirjin kaji, ya ce, "Saura kaɗan."

Su ce, "Allah ya saka, Likita."

Ya haɗiye yawu, ya ce, "Saura kaɗan."

Kaji suka murmure, suka soma ƙwai. Dila kuwa ya rame, har haƙarƙarinsa ya fito.

Ran nan da tsakar rana Iya ta shiga ɗaki ta kishingiɗa. Dila ya lashe baki, ya daka tsalle kan uwar kajin. Fir! Duk suka haye rumfa, suka bar shi da gashi a baki. Ya yi tsalle, bai kai ba. Ya sake, bai kai ba. Rana na dukansa, jiri ya kwashe shi, ya faɗi rim, baki buɗe, sai haki.

Uwar kaji ta leƙo. "Wayyo, ciwonmu ya kama Likita!"

Suka sauko, suka ja shi inuwa, suka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, suna yi masa fifita da fikafikai. Kunya ta hana Dila motsi.

Sai ga Iya da taɓarya. "Me ya kawo gashin kazata bakinka?"

Dila ya buɗe ido ɗaya. "Gwaji ne, Iya. Kazar da ba ta iya tsere mini ba, ba ta warke ba. Duk sun warke."

Iya ta dube shi, ta dubi haƙarƙarinsa, ta ajiye taɓarya. Ta dama masa kunu, ta haɗa masa da ƙwai.

"Sha, ɗan nan, ka wahala. Amma an sallame ka. Kada ka dawo dubiya."

Dila ya sha, ya kama hanyar daji, kaji na bin sa da addu'a.

Ƙurunƙus kan ɓera! Duk wanda zai kiwata kazar wani don ya ci, to, ya rage wa rumfa tsawo.