Karsanar Inna Kande da Lambun da Ya Shanye Ruwan Unguwa

Ku gyara zama, shari'a na kawo muku yau, kuma kada wanda ya yanke hukunci sai na dire.

A wani gari a ƙasar Zazzau an yi wata tsohuwa, Inna Kande, gidanta na can ƙarshen gangare. Da can ruwan sama bai dame ta ba, ƙasa ke shanye abinta. Sai maƙwabta suka samu abin hannu, kowa ya malale tsakar gidansa da siminti. Ruwan da ya rasa wurin nutsewa ya riƙa gangarowa gidan tsohuwa, ya haɗu da na indararonta, ya kwanta a gindin ɗakinta. Ɗakin kuwa na ƙasa ne, marigayi mijinta ya gina shi da hannunsa, ta kuma rantse ba mai fitar da ita daga ciki sai a makara. Magini ya zo ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce in ya ƙara ganin damina biyu a tsaye, to a yi sadaka.

Inna ta tara 'ya'yanta uku, Ilu da Delu da Sallau, ta nuna musu karsanarta ɗaya tilo, ja mai farin goshi. Ta ce duk wanda ya raba ɗakin nan da ruwa, ya kwance ta ya tafi da ita.

Ilu ne ɗan fari, sana'arsa haƙar rijiya. Ba shi da ƙiwa ko kaɗan, sai dai Allah ya yi shi da son a yaba masa. Da aka yi ruwan farko kowa ya gudu ɗaki, shi ya tsaya tsakar gida yana jiƙewa, yana kallon inda ruwa ke bi. Washegari ya ƙirga taku goma daga bango, don kada danshi ya koma wa ɗakin, ya haƙa rami mai faɗi marar zurfi kamar kasko. Ya tarar da yumɓu a ƙasa, wanda ba ya barin ruwa ya wuce. Ya kwashe shi kwando-kwando, ya mayar da rairayi gauraye da taki. Ya ja 'yar kwata daga ƙofar gida da bakin indararo har ramin, ya jera mata duwatsu. Kwana tara yana wannan aiki, tafin hannunsa duk kanta. Ruwa ya bar gindin bango ya nufi rami. Amma ruwa uku kacal aka yi bakin ramin ya zabtare, laka ta toshe shi, ruwa ya kwanta kwana huɗu, sauro ya samu gidan zama.

Delu tana aure a wani ƙauye bakin fadama. Ta zo ganin gida, ta leƙa ramin, ta yi wata dariya da Ilu bai manta da ita ba har yau. Ta tafi ta dawo da dami a ka. Ta kewaye bakin ramin da jema, ciyawar nan mai saiwa da ke nutsawa ƙasa har tsayin mutum. A tsakiya, inda ruwa ya fi daɗewa, ta dasa gwaza. A gefe ta shuka rama, can sama inda ruwa ba ya kaiwa ta kafa lalle da zogale. Saiwoyi suka riƙe ƙasa, suka buɗa wa ruwa hanya. Ruwan da aka yi da la'asar, kafin azahar ɗin washegari ya nutse. Ta kakkaɓe hannu ta koma ɗakin mijinta.

Sallau shi ne auta, tela ne, shi ke zaune a gidan da iyalinsa. Bai haƙa ba, bai dasa ba. Amma da rani ya yi tsanani, awakin unguwa suka gano ɗanyen ganye, shi ya saro ƙaya ya yi shinge. Ya ajiye bokiti inda ake alwala, safe da yamma yana juye ruwan a gindin shukoki, ya hana a zuba na sabulu. Ya lulluɓe ƙasar da ɓawon gyaɗa don kada rana ta busar da ita. Da damina ta dawo, duk hadarin da ya haɗo sai ya bar keken ɗinki ya tsince leda da shara daga kwata, bayan ruwa kuma ya kankare lakar da ta taru.

A watan Agustan damina ta biyu aka yi wani ruwa tun hantsi har la'asar. Katangu biyu suka faɗi a unguwar. Ɗakin Inna ko gezau bai yi ba, lambun ya shanye ruwan tas.

Daga nan ne fa abin ya ɓaci. Mata masu zuwa tsinkar rama da lalle suna cewa lambun Delu. Maza a ƙofar masallaci suna cewa lambun Sallau. Ba wanda ya taɓa cewa ramin Ilu, domin ganye ya rufe shi ruf. Ga Inna kullum tana sa wa Delu da Sallau albarka da sunansu, shi kuwa ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta kama sunansa, balle ta yabe shi a gaban mutane. Kishi ya ci Ilu har ya daina shan miyar ramar gidan, in ya zo gaisuwa sai ya zauna ya ba lambun baya. Kada kuma ku ɗauka shi kaɗai ne. Delu in ta ji ana yabon Sallau sai ta taɓe baki, ta ce ban ruwa ai ko yaro ya iya. Sallau shi ma yana ƙorafi, wai wani ya yi kwana tara, wata ta yi kwana biyu, shi da ya shekara biyu a duƙe aka mayar ɗan aiki.

Wata Juma'a da hantsi Ilu ya shigo da igiya a hannu don ya ja karsanar, ya tarar ƙannensa na nan. Kowa ya faɗi nasa, murya ta fara tashi.

"To kowa ya kwashe abinsa, mu ga abin da zai rage," in ji Ilu.

Delu ta ce ta yarda, yanzu ta tuge jemarta. Sallau ya ce cire shinge ba zai kai shi azahar ba. Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Shi kuma wancan, ramin nasa a me zai zuba ya tafi da shi?"

Ƙannen suka yi dariya, Ilu bai yi ba. Ya saki igiyar ya ce, "Inna, ni sau ɗaya dai ki ce na yi."

Idon tsohuwa ya ciko. Can ta juya wajen Delu ta ce a kawo wa yayansu ruwa ya sha.

Har yanzu karsanar na ɗaure a turke, 'yan'uwan ba sa cin tuwo kwano ɗaya. Ba don rami ba, da jema ba ta samu wurin tsayawa ba. Ba don jema ba, da ramin ya zama kududdufi. Ba don shinge da ruwan alwala ba, da awaki da rani sun gama da komai tun shekarar farko.

To, ku da kuka ji, wa zai kwance karsanar nan a cikinsu?