Kurege Mai Shimfiɗar Biki

Ku gyara zama, na baya su matso kusa da wuta. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Ɓauna ce za ta aurar da 'yarta, ta gayyaci duk dawa. Abinci bai dame ta ba, rumbunanta a cike suke. Abin da ya hana ta sukuni shi ne wa zai zauna ina. A bikin da ya wuce an zaunar da Raƙumin Dawa a bayan Kunkuru, har yau danginsu ba sa gaisawa. Ba wai an tare masa gani ba, daga inda yake har cikin ɗakin amarya ya gani. Baya dai baya ce.

Sai ga Kurege. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ki bar mini shimfiɗa. Na san wa ya haifi wa, na san wa ya auri 'yar wa, na san wanda ya girmi wani da damina guda."

Ɓauna ta ce, "Ba na son faɗa a gidana."

Ya ce, "Ko tari ba za ki ji ba."

A dajin nan al'adarsu ita ce tabarma ɗaya, akushi ɗaya, abin da ya rage a akushi kuma na mai shimfiɗa ne. Abin da ke ragewa bai wuce ƙashi da ɗan ruwan miya ba. Kurege kuwa ya leƙa madafa, ya ga tuwon shinkafa, ya ga miyar taushe da man shanu yana yawo a kanta, ya ga funkaso. Ya ce a ransa, wannan karon ba ƙashi zan ci ba.

To, kun san mu. Mutum ya wuni da yunwa, a ajiye masa tuwo, ya ɗaga kai ya ga surukinsa, sai ya ce yanzun nan ya tashi daga kan abinci. Ciki na kuka, baki na godiya. Dabbobin ma a wurinmu suka koya.

Ranar biki Kura ce ta fara zuwa. Tun da aka sa rana take rage ci don ta buɗe wuri a cikinta. Kurege ya tarye ta ya ce, "Yaya Kura, babbar tabarma na ajiye miki, a inuwa." Ta zauna. Da Damisa ta iso, uwar mijin Kura ke nan, ya kai ta tabarmar nan ya ce, "Manya sai kusa da manya." Biri ya zo, ya haɗa shi da Jimina, wadda yake auren 'yarta. Haka ya bi su duka, kowa ya zauna ya waiga ya ga wanda ba ya iya haɗa ido da shi.

Aka kawo akusa. Aka buɗe. Tururi ya tashi.

Damisa ta ce, "Bismillah, 'yar nan."

Kura ta dubi ƙasa ta ce, "Alhamdulillahi, Inna, a ƙoshe nake. Ke dai ki ci."

Damisa ta ce, "Ni ma a ƙoshe nake."

Jimina ta ce wa Biri bismillah. Biri ya ce a ƙoshe yake. Jimina, wadda ke haɗiye tsakuwa in ta rasa abin yi, ta ce ita ma a ƙoshe take. Tabarma bayan tabarma, kowa a ƙoshe yake. Ɓauna ta leƙo ta ji tsit, ta ce ba ta taɓa ganin biki mai ladabi irin nata ba.

Kurege ya bi yana tambaya, "An gama? A ɗauke?" Aka ce a ɗauke. Ya yi ta jida yana kaiwa bayan rumbu, har sai da ya jera su duka. Ya tura ɗaya ƙarƙashin rumbun don gobe, ya wanke hannu, ya zauna, ya gutsuro loma.

Lomar ba ta kai baki ba ya ji an taka masa wutsiya. Kura ce, riƙe da buta. Ta ce wa surukarta za ta zagaya, alhali ƙanshi ta biyo.

Ta dubi akusan, ta dube shi, ta ce, "Kurege, kai dai ba surukina ba ne."

Ya ce, "Haka ne, Yaya Kura."

"Ba ka auri 'yata ba, ban auri ɗanka ba."

"Gaskiya ne."

"To da kai zan fara, tuwon ya biyo baya."

Ya ce, "Ba komai, ki fara. Sai dai ki tauna a hankali, ga Inna nan tafe."

Kura ta waiga. Ga Damisa, ita ma da butarta. Kura ta saki wutsiya ta hau gyaran ɗankwali. Bayan Damisa ga Biri da buta. Bayan Biri ga Jimina da buta. Kafin a jima duk biki ya koma bayan rumbu, kowa da buta, kowa yana kallon sama. Ba wanda ya tambayi wani me ya kawo shi.

Ɓauna ta fito ta ga tabarmi ba kowa, ta biyo sawu. Ta ga abincinta a ƙasa ba a taɓa ba, ta ga baƙinta tsaye. Ta sunkuyar da ƙaho ta ce, "Kurege, za a ce an zo bikin 'yata an koma da yunwa?"

Kurege ya dubi ƙahon, ya dubi Kura. Ya ce, "Gwaggo, ai ba a gama shimfiɗa ba. Wancan zaman gaisuwa ne. Yanzu za a yi zaman ci."

Ta ce, "Ban taɓa jin sa ba."

Ya ce, "Sabon yayi ne, a manyan dazuzzuka haka ake yi."

Da jin an ce manyan dazuzzuka, Biri ya ce shi ma ya taɓa gani. Jimina ta ce a bikin 'yar ƙanwarta haka aka yi.

Kurege ya mai da su tabarminsu, ya zaunar da su baya da baya, ya raba tuwon kowa a gabansa. Suruki bai ga suruki ba. Sai ka ji wurin ya ɗauki ƙarar tauna. Kura ta cinye nata ta lashe akushi, tana ce wa Damisa ta bayan kai, "Ni ɗanɗanawa kawai nake, Inna." Damisa da cikakken baki ta ce, "Ni ma." Akusan da suka dawo wa mai shimfiɗa ko wanki ba sa bukata.

Kurege ya lallaɓa bayan rumbu, ya jawo ɗayan da ya ɓoye. Ya buɗe, da sauran ɗuminsa. Yana naɗe hannun riga sai ga Ɓauna ta riƙo wata tsohuwa da ta yi latti.

Ta ce, "Tabarmi sun cika. Ga Iya Gafiya, ka zaunar da ita wurinka."

Iya Gafiya kuwa ita ta haifi matar Kurege.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ta zauna, ta jawo akushin gabanta. Ta ce, "Na ji ka fito da sabon tsari, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka. Juya."

Ya juya. Ya fuskanci bangon rumbu. Tsohuwa ba ta da haƙora sosai, don haka ta ci a hankali, kuma ya ji kowace loma. Can ta ce, "Ya miyar, ɗan nan? Ka ji daddawar?"

Ya ce, "Ina jin ta, Iya."

Ƙurunƙus kan kusu mai kunya. In an gayyace ku biki, ku ci tuwonku a gida kafin ku fita. Haka nake yi, shi ya sa ake yabon ladabina.