Tambayar da Inna Ta Amsa

A danginmu akwai wani yayanmu da muke kira Lauya. Bai taɓa taka ƙofar kotu ba, kayan gyaran mota yake sayarwa, bakinsa ne ya jawo masa sunan. Lauya ba zai ce maka ka yi kuskure ba, sai dai ya jefo maka tambayar da ba ta da mafita. "Yanzu kai ka fi likita sani?" "To, so kake in yi ƙarya?" Ka ce e, ka zama mara kunya. Ka ce a'a, ka ba shi gaskiya. Dole ka yi shiru, shi kuma ya ce ya kayar da kai. Wallahi mun sha wuya a hannunsa.

Da ya gina gidan bene, sai ya ɗauko mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ya sa ta a ɗakin sama. Ɗaki ne na gani na faɗa, ga gado mai laushi, ga talabijin, ga banɗaki a ciki. Abin da Lauya bai duba ba shi ne gwiwoyin Inna sun gaji. Da ƙyar ta hau, sauka kuwa ta gagara. Tsohuwar da ta saba zama a tsakar gida tana tsokanar jikoki ta koma leƙen titi ta taga. Ƙawayenta ma tsofaffi ne, ba mai iya hawa matakalar, sai ƙafarsu ta ɗauke. Inna ta fara ramewa.

Auta, ƙanwar Lauya, tana aure a unguwar da Inna ta baro. Ta same shi a ɗakin Inna ta roƙe shi.

"Yaya, ka bar ni in tafi da ita. Gidana ba bene, ga maƙwabtanta na da."

"Ina raye uwata ta koma gidan suruki? So kike a ce na kasa?" Ya juya ga tsohuwar. "Inna, wace uwa ce za ta ƙi ɗaki irin wannan?"

Kafin Inna ta buɗe baki, har ya kai ƙofa.

Auta ta kai kuka wurin Kawu, ƙanen Inna, shi kuma ya tara mu. A ɗakin saman aka yi zaman, tunda mai ɗakin ba ta iya sauka. Muka cunkushe, zafi ya ishe mu. Lauya ya tsaya a bakin ƙofa ya fara.

"Wa ya gina ɗakin nan? Inna ta taɓa kwana da yunwa? Ta taɓa rasa magani? Laifi ne ɗa ya kula da uwarsa?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kaina haushi kamar ya kashe ni, amma me zan ce? Shirunmu ya ƙara masa ƙarfi, sai ya zarce.

"In akwai wanda ya taɓa jin Inna ta ce tana son barin nan, ya faɗa, yau ɗin nan a ɗauke ta. Kawu, kai ne shaida. Akwai? Inna, ke da kanki, kina son tafiya?"

Bai ko dube ta ba, ya ja numfashi zai ci gaba.

"Ina so."

Muryar Inna ba ta da ƙarfi, amma ba wanda bai ji ba. Lauya ya yi dariyar yaƙe.

"Haba Inna, me na rage ki da shi?"

"Ƙasa. Ina son ƙafata ta taka ƙasa, in zauna cikin mutane."

"To me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Kai kake tambaya, kai kake amsawa. Ni a ina zan sa baki?"

Ya dubi Kawu, ko zai cece shi. Kawu ya ce, "Kai ka sa ni shaida, ba ni na nema ba." Lauya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, gumi na tsiyaya a wuyansa. Ba wanda ya ɗaure shi, bakinsa ne ya rufe masa hanya.

A kan kujera muka sauko da ita. Da aka shigar da ita motar da za ta kai ta gidan Auta, Lauya ya dafa ƙofar.

"Inna, yaushe za ki dawo?"

Wannan karon ya tsaya ya jira. Ta dube shi da tausayi a idonta.

"Ba zan dawo ba. In kana son ganina, ka san gidan."

Mai karatu, tambayar da ba a neman amsarta tana da amfani a magana, tana farkar da mai sauraro ya yi tunani. Amma kada ka yi ta sai ka tabbata ka san amsar, kuma kada ka toshe bakin mutane da ita. Wanda ya yi shiru ba lallai ne ya yarda ba, wataƙila hanyar magana ka hana shi. In ka yi tambaya, ka tsaya ka ji amsa tun kana iya gyara.